Ƙarfen da Tacho Ya Bari

A garinmu La Cuchilla ba a yar da ƙarfe. Tsumma ana yarwa, tukunya in ta tsage a zuba wa kaji ruwa a ciki har ta ƙarasa, amma noti ko ya ci tsatsa sai a jefa shi cikin gwangwani, wai ranar amfaninsa tana tafe. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji labarina ya ɗauka garin mahaukata ne. Hankalinmu ƙalau. Nisa ne ya yi mana yawa. Kwalta ta ƙare tun a gada, daga can kuwa sai hawa, kuma duk abin da ya lalace a kan tudun nan mu da shi ne.

Sunana Herlinda. Mijina Anastasio, wanda ko uwarsa Tacho take ce masa, ya mutu damina biyu da suka wuce a kwanar da muke kira Gwiwar Hannu, a kan mashin mai ƙafa huɗu. 'Yarmu Araceli ce ke bin wannan kwanar yanzu kowace safiya, da akwatin cuku ɗaure a bayanta, a kan wani mashin ɗin. Ita kaɗai ta rage mini a gida. Duk abin da zan faɗa a kanta yake, ko da kun ji ina ta zancen ƙarafa.

Ɗanmu Eleazar ne ya aiko da mashin ɗin daga Amurka, inda yake aikin rufin gidaje. Na hannu ne, ja, ya zo cikin tirelar masu dawowa Kirsimeti tare da firji da kekunan yaran mutane. Ba shi ne na farko a garin ba, ba kuma na ƙarshe ba. Duk mai ɗa a can sai da ya samu nasa, kafin mu ankara alfadarai sun ƙare, an sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wa zai ciyar da dabbar da za ta kai shi gada da hantsi, alhali ga abin da ke kai shi kafin kofi ya huce? Fada ya yayyafa wa na Tacho ruwan albarka a ƙofar coci. Tacho ya ɗaura masa hoton Budurwa Maryamu a tsakanin fitilu, kullum yana goge shi, mutumin da ko cokalin da ya ci abinci da shi bai taɓa gogewa ba.

Ranar da abin ya faru ko ɗigon ruwa ba a yi ba, hanya a bushe take. Ya ɗauki cuku ya gangara kamar kullum, ya iso Gwiwar Hannu, maimakon ya karya kwana sai ya miƙe. Babu alamar birki a ƙasa, babu komai. Maƙwabcinmu Lázaro ne ya ga akwatin a watse, ya sauka cikin kwazazzabon shi kaɗai, ya goyo Tacho a bayansa har bakin hanya, rigarsa ta rine. Wannan ba zan taɓa manta masa ba. Kuma Lázaro ɗin ne dai, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, ya fara cewa ai mutum ba ya miƙewa a Gwiwar Hannu sai da giyar mezcal a cikinsa. Shi ma wannan ban manta ba. Tacho yana sha, ban ce waliyyi na aura ba, amma tunda nake da shi bai taɓa kai kwalba baki ba sai ya sauke cuku. Na faɗa a ƙofar coci, na faɗa a wurin niƙa, na faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Sai a gyaɗa kai a ce haka ne, Doña Herlinda, irin gyaɗa kan da ake yi wa mai takaba.

To, muna da wata al'ada tun kakanni. Idan dabba ta kayar da mutum ya mutu, iyalinsa ba sa ƙara hawanta, kuma ba sa cin kuɗinta. Ranar da aka rufe addu'ar kwana tara sai a fito da sirdi da linzami da igiyoyi a raba wa mazan da suka ɗauki akwatin gawa, kowa ya tafi da abin tunawa. Da alfadarai suka ƙare ba wanda ya zauna ya yi shawara, al'adar kawai ta koma kan mashin. Don Fortino, bakaniken garinmu, shi ya riƙe Araceli ranar baftisma, don haka compadre da comadre muke kiran juna. Shi ya tara maza suka jawo mashin ɗin da igiya, ya kwance shi a tsakar gidana kamar ana fiɗar bijimi. Tayoyi suka tafi gida biyu, fitilu gida ɗaya, batir aka kai coci don lasifika, injin kuwa har yau shi ke jawo mana ruwa daga rafi. Daga bututun jikinsa Fortino ya yanki guda biyu ya yi waldar gicciye, ya shafa farin fenti, aka kafa a Gwiwar Hannu. Na yi masa godiya har da hawaye.

Ƙananan ƙarafa kuwa, waɗanda ba su isa a ba mutum ya tuna mamaci da su ba, sai aka zuba su a duron Fortino. Cikinsu akwai sandar sitiyari. Kowane mashin yana da biyu, sirara ne, ba su fi tsawon kamu ba, su ke haɗa kan mashin da tayoyin gaba, ɗaya hagu ɗaya dama. Ta hagu a karye aka same ta, kowa ya ce faɗuwar ce ta karya ta. Ta dama ko lanƙwasa ba ta yi ba. Fortino ya ɗaga ta ya duba, ya ce lafiyarta lau, ya jefa a duro.

Wannan duron shi ne shagon kayan gyaranmu. Yana bakin gareji, ba murfi ba kwaɗo. In sandarka ta lanƙwashe a kan dutse, kuma a hanyarmu da wuya damina ta fita ba ta lanƙwashe ba, sai ka je Fortino ya zura hannu ya zaro wadda ta yi daidai. Taka kuma in ya samu sarari ya miƙar da ita da guduma ya mayar ciki. Duk abin da ya shiga duro sai ya sha baƙin fenti saboda tsatsa. Ban da wannan akwai aro. Mashin ɗin wane yana ajiye yau, sai a cire masa a saka wa na wane, a ce gobe za a mayar, daga nan maganar ta bi ruwa.

Bayan rasuwar, Araceli ta bar aikin shagon magani a garin San Bartolo ta dawo gida, don shanu ba su san takaba ba, safe da yamma sai an tatse su. Fortino ya haɗa mata mashin daga gawarwakin mashina uku, gabansa kore bayansa ruwan ɗorawa, ya ce kyautar uban baftisma ce. Ta iya tuƙi fiye da rabin mazan garin. Ta kuma gaji ubanta wajen taurin kai da kasa cewa a'a, abubuwa biyu da na yi shekaru ina faɗa da su a jikinsa ban ci nasara ba.

Wata Lahadi a farkon daminar bana, bayan an fito daga coci, muna kan dutsen da ke bayanta, don nan kaɗai waya ke kamawa, kowace Lahadi sai ka ga rabin gari a kansa kamar awaki. Wayar Araceli ta yi ƙara. Eleazar ne, ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce a ba shi ni. Ya ce ya raka wani abokin aikinsa shagon mashina, sai ya ga hoton irin na babansa manne a bango. Kamfanin da ya ƙera su ya yi shela cewa wasu daga cikinsu an yi musu sandunan sitiyari da gurɓataccen ƙarfe. Yana tsagewa ta ciki ba a gani, sai rana ɗaya ya ɓalle ana cikin tafiya, ka juya kan mashin tayoyi su ƙi binka. Mutane sun mutu a can ma. An ce duk mai irinsa ya daina hawa nan take, ya kai a canza masa kyauta. Shelar ta daɗe, tun kafin Eleazar ya saya, amma wanda ya fara mallakar mashin ɗin aka sanar, shi kuwa ya riga ya rabu da shi.

"Mama, akwai lamba a jikin mashin ɗin, an buga ta a ƙarfe. Ita nake so in gani. Ina yake yanzu?"

"Wane ɓangarensa?" na ce.

Fortino yana nan kan dutsen. Da na tambaye shi ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce lambar tana kan dogon bututun da ke ƙarƙashin wurin zama, kuma da yake shi ya fi miƙewa, da shi ya yi tsayuwar gicciyen. Muka gangara mu uku a ƙafa, da kayan coci a jikinmu. Na durƙusa a gaban gicciyen mijina na kankare farin fentin da wuƙar aljihun Fortino har lambar ta fito, Araceli ta ɗauki hoto. Muka sake hawowa kan dutse muka tura. Ba a jima ba ya kira. Ya ce lambar tana cikin waɗanda aka yi shela a kansu.

Abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne, wani irin daɗi ne mai zafi. Na gyara mayafina na nufi gidan Lázaro, ina jera maganganun da zan zuba masa a gaban matarsa. Fortino ya riƙo hannun rigata, abin da bai taɓa yi ba.

"Comadre," ya ce, "sandunan fa biyu ne."

Sai na tuna da wadda aka jefa a duro. Na dubi Araceli, ita kuma ƙasa take kallo, don ta riga ni ganewa.

Muka kifar da duron a ƙasan gareji. Sanduna suka watse, duka baƙaƙe, duka tsawo ɗaya. Na ce ya nuna mini ta Tacho. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan ya ƙwanƙwasa da sifana ya kara a kunne, sai ka ce ƙarfen zai gaya masa sunansa. A ƙarshe ya zauna a kan taya ya ce shi bai sani ba. Tun daga wancan lokaci ya saka sanduna a mashinan da ba zai iya tunawa ba, waɗanda ya saka ɗin ma sun yi yawo ta hanyar aro, kuma biyun da ke jikin na Araceli daga nan ya zaro su. Ta Tacho tana iya kasancewa ga ta a gabanmu, tana iya kasancewa a ƙarƙashin kowa. Na zage shi, zagin da ban taɓa zaton zan yi wa compadre ba. Bai ɗago kai ba, ni kuma ban ji sauƙi ba. Na ce to ya kwashe su duka ya binne. Ya ce in ya binne, ranar da ta wani ta lanƙwashe me zai saka masa? Kafin damina ta fita rabin gari ya tsaya cik.

Eleazar ya kira kamfanin. Ya ce wata mata ce mai daɗin murya ta ɗauka, ta yi masa ta'aziyya, ta tabbatar lambar tana cikin waɗanda ake nema, sannan ta ce a kai mashin ɗin wurin kowane dillalinsu a Amurka, za a cire tsofaffin a saka sabbi. Ya ce mata mashin ɗin yana Meksiko, kuma ma babu shi. Ta ce to ba ta da yadda za ta yi, sai an ga mashin ake ba da kaya. Da ya gaya mana, Araceli ta ce sai mu tumɓuke gicciyen mu aika musu su saka masa sabbin sanduna. Ta yi dariya ita kaɗai, dariyar ubanta sak, ni kuwa na tashi na shiga kicin.

Lahadin da ta biyo baya Fortino ya tsaya a barandar coci ya yi wa maza bayani, hularsa a hannu. Suka saurara, suka yi tsuru-tsuru, sai kowa ya shiga neman hanyar fitar da kansa. Wannan ya ce nasa sandunan tun daga Amurka suke, alhali da idona na ga Fortino kwance a ƙarƙashin mashin ɗinsa bara. Wancan ya ce tasa ta fi ta Tacho kauri, sai ka ce ya taɓa aunawa. Lázaro ya daki tayar babban mashin ɗinsa, wanda ke jan amalanke, ya ce:

"Haba, Don Fortino, ƙarfen da ya faɗa kwazazzabo bai karye ba, shi ne zai karye don wani Ba'amurke ya manna takarda a bango? In ma sandar a jikin nawa take ai na yi sa'a, an riga an gwada mini ita."

Aka kwashe da dariya, irin ta mutanen da dama neman dalilin dariya suke yi. Wani dattijo ya ce a ajiye mashinan duka har a ga abin da hali zai yi. Aka tambaye shi wa zai kai madara, wa zai kai yara makaranta a ƙasa, wa zai kai shi kansa asibiti in hawan jininsa ya tashi, sai ya koma ya zauna. Fada ya ce mu dage da addu'a. An yi 'yan kwanaki ana tafiya a hankali kamar masu rakiyar gawa, daga nan kowa ya koma gudunsa. Lázaro bai ba ni haƙuri kan maganar mezcal ba. Wata safiya dai na tarar da buhun masara a ƙofata, na gane ɗaurin wane ne, na ja shi ciki don masarar ba ta yi mini laifi ba.

Na ce wa Araceli ba za ta ƙara hawa ba sai an canza sandunan. Ta ce to, Mama. Kashegari muka raba cukun biyu muka goya, muka gangara a ƙafa. Kafin mu kai gada rana ta take, mai motar da ke sayen cukunmu ya daɗe da tafiya, gwiwoyina sun kumbura, ɗanyen cuku kuwa ba ya jiran gobe. Aladunmu suka yi biki a ranar. Mai motar ya aiko cewa in ba za mu iya ba, akwai masu iyawa a ɗaya tudun. Da safe na ji tana tayar da mashin, ban fito na hana ta ba, don ban san me zan ce mu ci ba.

A San Bartolo ba a samun sabbin sanduna, sai na hannu, waɗanda ba a san daga duron wa suka fito ba. Eleazar ya sayi sabbi a can, amma sai an samu mai tahowa. A wannan jiran ne na koyi sauraro. Daga shingen gidanmu ana jin ƙarar mashin tana gangarawa, tana raguwa, har ta kai Gwiwar Hannu. A nan tudu yake tare ta, sai ta ɗauke ɗif. In an karya kwanar lafiya sai ta sake fitowa daga ƙasa, siririya. Tsakanin ɗaukewar da dawowar bai fi mutum ya yi gajeriyar addu'a ba, amma ni ban taɓa iya kai addu'ar ƙarshe ba. Shekara da shekaru Tacho yana bin hanyar nan ban san da wannan shirun ba.

Sandunan suka iso a tsakiyar damina, cikin jakar wata mata da ta zo jana'izar uwarta. Farare tas, suna ƙyalli, an naɗe su a tsohuwar rigar Eleazar. Na tsaya a kan Fortino har ya ɗaura su. Da ya jawo gwangwanin baƙin fenti na ce in ya kuskura a fuskarsa zan shafa, so nake in riƙa ganinsu daga nesa. Tsofaffin biyun kuwa ban bar su sun taɓa ƙasan garejin ba. Na yi niyyar jefa su kwazazzabo, sai na tuna irin mutanen da nake zaune da su, wani sai ya sauka da igiya ya ɗauko. A ramin masai na jefa su, da hannuna.

Na samu barci. Na daina tsayuwa a shinge, har na koma yi wa Araceli faɗa kan abubuwan da uwa ke faɗa a kai, gishirin cuku da samarin da ke wucewa ta ƙofarmu ba tare da hanyarsu ce ba. Abu ɗaya ne ban bari ba: kowace safiya kafin ta tayar, sai na sunkuya na leƙa ƙarƙashin mashin na ga farare biyu. Sufeto take ce mini.

Wajen ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da ni, na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Na ji an sheƙa ruwa, na ji hayaniya a waje wata rana da tsaka, ban bi ta kai ba. Ranar da na iya miƙewa na fito ina dafa bango, na tarar Araceli tana ɗaure akwatin cuku. Da ta gan ni sai ta zagayo ta tsaya tsakanina da mashin ɗin, tana tambayata ko na sha kunun masarar da ta ajiye mini. Na ce ta matsa. Na sunkuya. Ta dama fara ce. Ta hagu baƙa, da sabon giris a bakinta.

Ba ta yi mini ƙarya ba. Mireya 'yar Lázaro ce naƙuda ta zo mata da gardama, ungozoma ta ce a kai ta asibiti yanzu-yanzu. Mashin ɗin Lázaro ne kaɗai ke jan amalanken da mace za ta iya kwanciya a ciki. Garin sauri ya daki dutse tun a bakin gari, sandarsa ta lanƙwashe. Fortino ya zo a guje da guda daga duro a hannunsa. Sai Lázaro, mai cewa an riga an gwada masa, ya tare shi, ya ce ba da 'yarsa a ciki ba, kada a saka masa ta duro. Ya juya yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san farare biyu ne kaɗai a garin, kowa kuma ya san inda suke. Bai roƙa ba. Araceli ce ta je ta turo mashin ɗinta.

"Ke kuma sai aka saka miki ta duro," na ce.

"Da me zan kai cuku, Mama?"

"To yau ɗin nan za ki je ki karɓo abinki."

"Jaririn bai zo da ƙarfi ba. Kowane mako sai sun kai shi asibiti, shi da uwarsa, a wannan amalanken." Ta ja igiyar akwatin ta ƙulle. "Da wane ido zan je in ce a cire? Mutumin da ya goyo Baba?"

"Shi ya ce ubanki a buge yake."

"Shi ne dai ya goyo shi."

Na sake sunkuyawa na kankari baƙar sandar da farcena, ban san abin da nake nema ba. Fenti ne da giris, ba komai. Ta ce in matsa rana tana yi. Na matsa, na koma shinge inda na bari.

Na ce tunda ita ba ta da ido, ni ina da shi. Na je gidan Lázaro bakina cike da magana. Mireya tana zaune a baranda da ɗan a cinya, bai fi ɗan kyanwa ba, kansa cikin hular da Araceli ta saƙa. Lázaro ya miƙe ya cire hularsa, ya ce sannu da zuwa Doña Herlinda, ya kawo mini kujera da kansa. Daga inda nake zaune ina ganin farar sandar tana ƙyalli a ƙarƙashin mashin ɗinsa. Na ce barka na zo yi. Na sha kofi na tashi.

Eleazar ya ce aikin rufi ya tsaya, mutanenmu na can kuma sun rage tahowa don tsoron kada su kasa komawa, amma zai nemi mai zuwa Kirsimeti. Na ce to. Ban gaya masa abin da na riga na sani ba. Ko ya aiko, akwai wata mai cikin a gari, akwai tsoho mai hawan jini, kuma 'yata ba ta iya cewa a'a ba. Farar sanda ba za ta zauna a jikin mashin ɗin da ke ɗauke da mutum ɗaya da akwatin cuku ba. Tsoro nake ji, safe da yamma, kuma na rasa wanda zan kama da laifi in ji sanyi.

Jiya da safe ban tsaya a shinge ba, na tafi garejin Fortino. Ban ma san me zan ce masa ba, wataƙila zagin nake so in ƙara. Na same shi yana miƙar da tsohuwar sandar Lázaro da guduma. Araceli ta wuce ta gabanmu ta ɗaga mana hannu. Ya dakata da gudumar a sama, sai na gane ashe ba ni kaɗai ke sauraro a garin nan ba. Ƙarar ta gangara, ta ragu, ta ɗauke. Don kada in dubi fuskarsa na kai idona lungu. Ragowar bututun jikin mashin ɗin Tacho na nan jingine da bango, a gefensa ga gwangwanin farin fentin da ya shafa wa gicciyen, an ɗaure bakinsa da leda don kada ya bushe, kamar ana jiran gicciye na gaba.

Ƙarar ta dawo daga ƙasa, siririya. Fortino ya sauke gudumar.

"Compadre, ka zubar da fentin can."

"To, comadre," ya ce.

Yau da na wuce na leƙa, yana nan inda yake.